Karen da Aka Sa wa Kwalli

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta yi imani babu ciwon idon da ya fi ƙarfin kwalli. Shekarar da aka kawo ni gidansu, a wani ƙauye kusa da Gagarawa, kajinta biyu suka fara kumburin fuska, ido na ruwa, suna atishawa. Ta ɗauko tandu, ta sa ni kama su duka, masu ciwo da masu lafiya, tana zizara musu da tsinke guda. Kafin mako duk akurkin ya kamu, kowace kaza ido rangaɗau kamar mai zuwa gidan biki. Ni kuwa amarya ce, ba damar dariya a gaban suruka. Sai in ruga bayan rumbu in yi ta yi har da hawaye.

Ana cikin haka karen gidan ma idonsa na dama ya rufe da kwantsa. Tsoho ne, shi ke korar muzuru daga kajin. Inna ba ta kiransa komai sai "ƙazamin nan", ko kusa da tabarmarta ba ya zuwa. Maigidana ya ce in ya makance zai kai shi daji ya baro shi can. Raina ya ɓaci, don ina son karen. Inna ta taɓe baki ta ce, "Da ma ya ishe ni."

Ranar kasuwar Maigatari maigidan ya dawo da malamin dabbobi a bayan babur. Malamin ya duba kajin, ya ce tsinken nan ne ya raba musu ciwon. A ware masu kumburi, a riƙa goge musu ido da ruwan ɗumi, ga magani a zuba a ruwan shansu. Sannan aka ɗaure bakin karen, malamin ya durƙusa ya buɗe idon. Ya ɗago ya dubi Inna.

"Iya, wa ya sa wa karen nan kwalli?"

Na cusa bakin mayafi a baki. Inna ta shiga gyaran ɗankwalinta.

"Ni ina na sani, ɗan nan? Ƙila shi ya sa wa kansa."

Nan dariya ta ƙwace mini, gaban suruka, gaban baƙo, har na zube ƙasa ina riƙe da ciki. Maigidana ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Malamin ya zaro ɗan ƙaiƙayin gero daga ƙarƙashin fatar idon. Ya ce idon zai tsira, amma sai an ɗiga magani safe da yamma ba fashi. Maigidana ya ce shi kullum yana hanya, wa zai iya wannan aiki?

Inna ta miƙa hannu ta karɓe kwalbar.

"Kawo nan. Ku ba ku san yadda yake so a riƙe masa kai ba."