Ɗigo Uku a Gindin Kwano

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, mu uku: ni, da abokin aikina mai motar, da wani abokinmu wanda duk tafiyar da za a yi lissafinsa ba ya wuce inda za a ci abinci. Hutun ƙarshen mako muka ce bari mu je mu kashe a Gombe, mu ga gari, mu leƙa madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Su biyun hankalinsu kwance. Ni kuwa tun kafin mu wuce Wudil nake ta mutsu-mutsu a kujera, domin akwai abin da na ƙulla a raina wanda ban gaya wa kowa ba.

Ina da goggo a unguwar Pantami, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. A gidanmu kuwa, ka shigo garin da kake da ɗan'uwa ka kama ɗaki a otal, daidai yake da ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce ba ka da kowa. Amma na san gidan Goggo. In ka shiga, fita sai da izini. Za a zaga da kai gaida maƙwabta gida-gida, a ɗura maka abinci har numfashi ya gagare ka, ga zafi, ga wuta sai ta ga dama. Sai na tsara dabara: in sauka a otal in sha iskata, ranar komawa in biya in gaishe ta a tsaitsaye, in ce wucewa nake.

Hanya dai ga ta nan. Daga Birnin Kudu zuwa Darazo akwai wuraren da mota ke gudu kamar a kan tabarma, akwai kuma inda direbanmu ya riƙa rawa da sitiyari yana salati. Damina ta zo ƙarshe, gero ya sunkuya, shanu sun yi ɓul-ɓul a gefen titi. A Dukku muka sayi dafaffiyar gyaɗa da arhar da ta sa abokinmu mai ciki ya tambayi mai tallar ko ta yi kuskure ne.

Mun shiga Gombe gab da Juma'a. A wajen Tashar Dukku na sauka sayen ruwa, sai wani tsoho mai faifan goro ya ƙura min ido har na tsargu.

"Jaɓɓama," ya ce, wato sannu da zuwa da Fillanci. "Samari, kai ɗan gidan wa ne a garin nan?"

"Baƙo ne ni, Baba. Daga Kano."

"To, to. Allah Ya huci gajiya."

Na koma mota da sauri. Hancin gidanmu ba ya ɓuya, dogon wuyan mahaifina kuma ni na gada kaf. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Masaukin da muka kama yana wajen Federal Low-Cost, unguwar ma'aikata, shiru, tituna a miƙe, bishiyoyi a ƙofar gidaje. Ɗakunan da tsafta, ruwa na zuwa a famfo, akwai sola da ke riƙe fanka in wuta ta ɗauke, kuɗinsa kuma bai kai abin da za a caje ka a Kano ba. Matar da ke karɓar baƙi ta faɗa mana tun farko cewa karin kumallo shayi ne da burodi, kada wani ya sa rai da ƙari. Da yamma muka hau keke muka zaga. Garin a kwari yake, tuddai sun kewaye shi, in ka hau sama kana hango rufin kwanon gidaje har ƙarshensa. Mutanen kuma ba su da hayaniya. Mai keke zai yi maka Hausa, ya juya ya yi wa wani Fillanci, ya amsa waya da wani yaren daban, duk a numfashi guda. Abokaina suka ce sai sun ga filin wasa na Pantami. Na ce kaina na ciwo. Suka ce ai hanya ce. Haka na ratsa unguwar a tsakiyar keke, hula har gira, ina ta kallon takalmina kamar yau na saye shi.

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Matar nan ce riƙe da kwanon sha rufe da faifai, da wata ƙaramar samira. Fura ce da kindirmo mai kauri, an dama ta lilis, ga masa da zafinta.

"An ce a ba ka," ta ce, ta juya.

Abokaina kuwa shayi da burodi aka kai musu. Na ce da su ai ni na kama ɗakunan, dole manaja ya san babban baƙo. Mai ciki ya shanye rabin furar yana mitar rashin adalci.

Ranar muka tafi Dadin Kowa. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, kore ta ko'ina, gonakin shinkafa da lambuna a gefen hanya, ga kifi ana soyawa ana banda. Mun ci har mun yi guzuri. Wuri ne da ya kamata mutum ya zauna ya yi shiru ya gode wa Allah, amma ni ko zaman ban iya ba. Duk tsohuwar da na hango da mayafi sai gabana ya faɗi. A hanyar dawowa muka biya Tudun Hatsi, inda buhunan masara da wake suke jibge kamar ganuwa, manyan motoci na ta lodi. Nan ma ban sake ba, don na tuna a nan Goggo ke sayen geron furarta. Gaskiya na kashe kuɗina na sayi zullumi, ban ji daɗin komai ba sai furar safe.

Safiyar Lahadi, ranar komawa, kwanon ya sake zuwa. Na sha, na ɗaga shi don in kai ƙarshe, na kife shi a kan tebur. A gindinsa akwai ɗigo uku na jan fenti, biyu a sama, ɗaya a ƙasa.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan. Mata kan yi wa kwanukansu alama don kada su salwanta a gidan biki ko suna. Ɗigo ukun nan alamar kakata ce, da ita na buɗe ido a gindin kowane kwano na gidanmu, kuma mutum ɗaya ce ta gaji kwanukanta. Na sauko ƙasa ba ko takalmi.

"Wa ke kawo wannan?"

Matar ta ce, "Ta ce kada in faɗa. Wata tsohuwa ce. Da kanta take zuwa a keke bayan asuba, da sandarta. Jiya ta ce min sai da ta tambaya a masauki biyu kafin ta same ku. In ta miƙo sai ta tambaya ko ka yi barci lafiya, ta tafi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ina can sama ina taƙama da manaja, ashe tsohuwa mai ciwon gwiwa ce ke tsaye a bakin get.

Ba a mayar da kwano haka nan. Na wanke shi, na sayi goro da turare da sabulu na zuba, na ce da abokaina su kama hanya, zan biyo motar haya. Na tari keke zuwa Pantami, wannan karon hulata a inda ta saba zama. Ina sauka a bakin lungun, wa zan gani a kan benci in ba tsohon nan mai goro ba. Ashe katanga ɗaya ce tsakaninsa da Goggo. Ya yi murmushi ya ce, "Baƙon Kano, an iso?"

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa ina jiran faɗa, na ma fi son a yi min shi in huta.

"Babana, jaɓɓama," ta ce. "Masar ba ta yi tsami ba? Hannuna ya fara mantuwa."

Shi ke nan. Ba ta ce don me ba, ba ta ce yaushe ka zo ba. Mutanenmu na can ba sa faɗa da baki. Da na nemi wurin yin walaha sai ta nuna min ɗakin da marigayi mahaifina kan sauka in ya zo. An share shi tas, an shimfiɗa sabon zanen gado, an ɗaura gidan sauro, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa.

"Tun ran Juma'a na gyara," ta ce. "Na ce ko wutar can za ta ɗauke ka rasa wurin kwana."

A ɗakin na kwana. Babu fanka, zafi kuwa ba a magana, amma tun da na baro Kano ban yi barci irin na ranar ba. Da safe aka zaga da ni gaida maƙwabta gida-gida, ban tsallake ko ɗaya ba.

Da zan tafi ta cika kwanon nan da man shanu, ta ɗaure shi da tsumma ta miƙo min.

"Man naka ne da iyalinka. Kwanon kuwa aro ne, na Inna ne. Kada ka aiko min da shi. Kai za ka kawo."

Na iso Kano da la'asar, kwano a cinya tun daga Gombe, ban yarda an sa shi a but ba. Ga masu tambayata ko Gombe ta cancanci zuwa: ta cancanta. Masauki da sauƙi, abinci da arha, Dadin Kowa kuma sai wanda ya gani. Amma in kana da naka a garin, fara sauke jakarka a ƙofarsa, domin an ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na bari ƙafar tsohuwa ta riga tawa. Man shanun da muka juye a kwalba ya kusa ƙarewa. Kwanon yana kan firji a kife, ɗigo ukun suna kallona duk safiya, kuma na riga na nemi hutun wata mai zuwa.