Ƙurar Cikin Kwantena

Jama'a, yau na hana a yi lodin shinkafa a Gummi!

Kun san aikina, ba a loda kwantena sai na duba ta. Na shiga, na sa aka rufe ni ciki, in ga ko haske zai shigo ta wata ɓula. Babu ɓula. Da aka buɗe ƙofa sai na ga takalmina ya yi fari fat da ƙura!

Na tambayi direban, wani dattijo, Malam Sahabi: "Baba, mi kuka ɗauko kafin yau?"

Ya ce, "Buhunan dutsen zinari ne daga Duza."

Na ce, "Wallahi abinci ba zai shiga nan ba. Akwai gubar dalma a ƙurar nan."

Ya fusata! Ya ce, "Ɗana, ƙasa ce fa! Ƙasa za ta kashe mutum?"

Sai mai shinkafar, Inna Hajo, ta ce a hankali, "Ta kashe mini jikoki biyu, Malam."

Dattijon nan ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula. Ya ce, "Innalillahi! Duk sharar motar nan gida nake kaiwa. Yarana ke wanke ta a tsakar gida, ko za su samu ɗan zinari."

Na ce, "Baba, a kai su asibitin Anka yau ɗin nan!"

Ya miƙe zumbur. Ya tare ɗan kabu-kabu sai gida, ya bar motar da makulli a jiki.