Sunan Garinmu da Na Sa Aka Kankare

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa a Zangon Kumasi. Ina saye da sayar da tsofaffin kaya ta waya, kuma a ganina duk abin da ya tsufa haja ce, sai dai a nemo mai so. Kakana daga Nijar ya zo yana matashi, ya fara da dakon huhun goro har ya zama falke. Har yau ina ganinsa a ƙofar gida da hantsi, ga kofin koko, ga carbi, yana wana agogonsa a hankali, sannan ya kanga mini a kunne in ji bugunsa. Agogon farin ƙarfe ne, irin na da wanda ba ruwansa da batir, a bayansa kuma akwai layi uku na ajami da wani maƙeri ya zana. Da ya rasu mahaifina ya ɗaura shi, da mahaifina ya rasu ya zo hannuna. Ban taɓa sa an karanta mini rubutun ba, na ɗauka addu'a ce irin wadda tsofaffi ke sa wa komai.

Wani dillali a unguwar Bantama ne ya hure mini kunne. Ya ce masu tara tsofaffin agoguna suna neman irinsa ruwa a jallo, amma rubutun nan ya kashe shi, don ba mai son ɗaura rubutun wani a hannunsa. Ban yi shawara da kowa ba na kai shi wurin wani maƙerin zinariya a Dichemso. Dattijon ya tambaye ni har sau biyu ko na san abin da aka rubuta. Na ce masa aiki na kawo, ba wa'azi na zo ji ba. Ya ɗora shi a injin gogewa, kafin in gama amsa waya bayan agogon ya fito fes, ina ta murna kamar na ci jarrabawa.

Mai sayen da aka haɗa ni da shi ya juya agogon, ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Ya ce gaskiya ne wasu ba sa son agogo mai rubutu, amma tsohon zanen hannu irin wannan, mai nuna inda agogo ya yi rayuwa, shi yake bi gari-gari yana nema. Gugar kuma ta cinye ƙarfen. Ya miƙo mini abina. Na koma gida ina huci, a zatona asarar ke nan.

Bayan 'yan watanni Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke Atonsu, ta aiko in zo da agogon Baba, wato kakana. Na tarar tsufa ya kama ta sosai. Ta ce burinta ɗaya ya rage, ta taka garin ubanta kafin ta koma ga Allah, kuma 'ya'yanta sun yarda su kai ta. Ƙauye ne can wajen Tawa, sunan yana mata yawo a baki ya ƙi fitowa. Amma ta ce ba komai, ai Baba ya sa an rubuta a agogo: sunansa, sunan ubansa, da sunan garin, don ko ajali ya riske shi a hanyar goro a san inda za a kai labari. Har ta kira malamin maƙwabta, yana zaune ya saka tabarau yana jira.

Na miƙa mata agogon. Ta juya shi, ta shafa da yatsa, ta kai kusa da ido, sannan ta tambaye ni ko wani na ɗauko bisa kuskure. Na faɗi gaskiya. Gwaggo mafaɗaciya ce tun muna yara, na so ƙwarai ta zage ni. Sai kawai ta mayar mini, ta ba malam haƙuri, ta ce a zubo mini abinci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na bi tashar motocin Nijar, na bi dattawan masallatai, na koma wurin maƙerin. Kowa ya ce ƙauyukan wajen Tawa ba sa ƙirguwa. Gwaggo ta rasu da daminar da ta biyo, ba ta je ba.

'Yan'uwa, masu saye za su yi ta gardama kan ko rubutu na ƙara wa tsohon agogo daraja, wannan tsakaninsu ne. Ni dai na koyi cewa iyayenmu ba su da yawan magana, abin da suka ji tsoron ya ɓace shi suke rubutawa. In ka gaji abu mai rubutu, nemi mai karantawa tun masu tunawa na raye, kafin ka saurari ɗan kasuwa. Kwanan baya 'yata ta kawo takardar makaranta da ke tambayar garin asali. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta Kumasi.