Ni Na Sa Aka Rufe Rumfar

Tun ina da ciki, sanyi kawai nake tsoro. Yayata ta rasa ɗanta yana wata biyar, aka ce sanyi ne ya shige shi, na kuwa riƙe maganar nan a raina. Da na haifi nawa a farkon damina, hula biyu nake sa masa, har da safa, ko da rana ta take.

A gidan mijina, can wajen Adogi, rogo muke nomawa, mu mata mu soya garin kwaki. Rumfar suyar a buɗe take ta ko'ina. Ni na matsa wa mijina ya kewaye ta da zana da tsohon kwano, don kada iska ta bugi yaron. Ya kewaye, ya bar ƙofa ɗaya. Ranar har godiya na yi masa.

Itacen damina ba ya kamawa da sauƙi, sai mun cusa leda ko tsohon silifas. Tun safe nake zama a bakin kasko ina juya gari, yaron yana bayana. Idona yana hawaye, amma na ga na uwar mijina, wadda muke kira Mama, kullum jajur yake, kuma tarinta ne ke tashinmu da asuba. Na ɗauka tsufa ne.

Da yaron ya fara tari, na ce shi ke nan, sanyin ya iso. Na ƙara masa riga, na ƙara matsawa kusa da murhu. Wata safiya ina masa wanka na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk numfashi, da wata 'yar ƙara kamar usur. Nono ma ya ƙi kamawa.

Muka hau mashin zuwa Lafiya, ni da Mama. A asibiti nas ta cire hulunan, ta murɗa auduga ta goge masa hanci, ta nuna mini. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ta ce, "Maman bebi, a ina yake wuni?"

Na ce, "A bayana, Sista, wurin suya. Ba na barin iska ta taɓa shi."

"Ai iskar yake nema. Hayaƙi ne ya cika masa ƙirji."

Mama ta ce, "'Yata, yara bakwai na goya a bakin kasko, ga su nan da ransu."

Nas ta ce, "A rufe rumfar take, Mama?"

Mama ta dubi ƙasa. Ta san amsar, ba ta so ta tona ni ne. Na ce, "Ni na sa aka rufe." Sai hawaye. Mama ta dafa gwiwata ta ce, "Ledar fa, ni nake cusawa."

Kwana uku muka yi, har ya kama nono. Da muka koma, Mama ta aza kaskon a fili, ta sa ɗanta ya kwance zanar. Washegari na ɗauko majanyi zan goya, sai ta miƙo hannu.

"Kawo mini mijina. Ke je ki sha hayaƙinki, mu manya muna gindin mangwaro."

Can suke wuni yanzu, yana jan mata ɗankwali tana ce masa rowa gare shi, bai taɓa saya mata ko turmi ɗaya ba. Mun daina sa leda. Nata tarin dai bai tafi ba, kuma ta ƙi zuwa a duba ta. Shi ma in maƙwabta suka ƙona shara, ƙarar nan takan dawo, in kara kunnena a bayansa ina saurare. Hula ɗaya nake sa masa, ita ma sai Mama ta cire.

Ba kowace mace ke da mai karɓar mata ɗa ba. Don Allah, in kun wuce kuka ga mace a bakin wuta da goyo, ku karɓa mata shi, ku kai shi inda iska take, har ta sauke kasko.