Shitu da Akwatin da Ya Haɗa Banga da Rugga

Shitu ɗan Ƙafin Maiyaki ne, amma aure ya kai shi wani ƙauye a gefen dajin Falgore, ya zauna har mutane suka manta baƙo ne. Gyaran rediyo ya koya a Kano yana saurayi. Da kasuwar rediyo ta ja baya, ya koma gyaran waya da tocila da duk abin da ke cin batir. Gajere ne mai ƙaramar murya, in aiki ya ɗauke masa hankali sai ka ga harshensa ya leƙo ta gefen baki. Matarsa Zuwaira kuwa man gyaɗa take matsa tana sayarwa.

Shekarar da satar shanu ta yi ƙamari, ƙauyen ya kafa 'yan banga. Shitu ya shiga, ba don jarumta ba, sai don kowane magidanci ya shiga. Da yake waya ba ta da sabis da zarar an wuce makabarta, wani attajirin garin ya sayo musu rediyon magana na hannu, wato oba-oba, guda shida, manya masu nauyi kamar bulo. Fulanin ruggar Arɗo Baffa da ke ƙetaren rafi su ma suka sayar da bijimi suka sayo nasu a Kano, ƙanana masu doguwar eriya. To kowane iri da zangon da yake kamawa. Ko kafaɗa da kafaɗa mutum biyu suka tsaya, wannan ya yi magana, wancan ba zai ji komai ba. Dikko, babban ɗan Arɗo, ya taɓa kawo tasa rumfar Shitu ya tambaya ko za a iya sa su ji juna. Shitu ya jujjuya ta, ya ce sai an duba, ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata Laraba da hantsi, a ƙarshen damina, ɓarayi suka sassare makiyayi a mashaya suka kora shanu sittin. Mazan rugga suka bi sawu. Wata mai itace ta shigo gari a guje ta ce ta ga masu bindiga sun nufi mashigin rafi da garke. 'Yan banga goma sha ɗaya suka je suka kwanta cikin gamba, wadda a lokacin ta fi mutum tsawo. Ba su san ɓarayin sun riga sun haye ba. Da wasu mutane suka ɓullo a guje, fuska naɗe da rawani, adda da baka a hannu, Mustapha shugaban banga ya ce a buɗe wuta. Shitu ya runtse ido ya ja kunamar bindigarsa ta toka.

Hayaƙi bai washe ba aka gauraya da adduna. Shitu ya ga an tsaga kan maƙwabcinsa har gira, ya ga wani yana jan kibiya daga wuyansa da hannu biyu. Sai da wani ya gane muryar wani ya kira sunansa, sannan hannaye suka tsaya. Mutum biyar ne a ƙasa, uku na rugga, biyu na gari. Dikko na kwance rabin jikinsa cikin ruwa, gutsattsarin ƙarfen da ake ɗura wa bindigar toka sun rarake masa ƙirji, oba-obarsa na rataye a wuya ana ta kiransa da Fulatanci. Har yau Shitu bai san ko harbinsa ne ya same shi ba.

Ya yi kwana arba'in bai buɗe rumfa ba. Ranar da ya fito, ƙetaren rafi ya nufa shi kaɗai. Bai kai bukkar Arɗo ba Mas'ud ƙanin Dikko ya tare shi da sanda. Dukan farko ya zubar masa da haƙora biyu, na biyu ya kai shi ƙasa, kuma da Arɗo bai fito ya tsawatar ba da a nan za a ƙarasa shi. Shitu ya rarrafa ya durƙusa, jini na zuba a gaban rigarsa, ya yi gaisuwa yadda ya kamata.

"Baba Arɗo, ɗanka ya roƙe ni wani aiki ban yi ba," in ji shi. "Oba-oba ɗaya na zo a ara mini."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko ta Dikko, wadda har lokacin da busasshen laka a jikinta, ya ajiye a ƙasa ya juya.

Wata uku aikin ya ci. Da farko ya ɗaure ta Dikko da ta banga baki da baki da roba, ba abin da suka yi sai kuwwa mai huda kunne. Daga nan ya buɗe cikinsu, ya jawo waya daga inda murya ke fita a wannan zuwa inda take shiga a waccan, ya yi haka ta ɗaya ɓangaren ma. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne wanda zai danna maɓallin magana, tunda ba mutum a wurin. Sai ya ciro wani ɗan makunni daga mataccen janareta, ya saita shi yadda in murya ta shigo zai danna da kansa. Ya zuba su duka cikin akwatin ƙarfe na kayan auren Zuwaira, da batirin mota da farantin sola, ya hau da su dutsen da ke tsakanin gari da rugga. Da ya sauko ya ce wa Mustapha ya yi sallama. Can sai ga muryar Arɗo ta amsa, a gajarce, ba yabo ba fallasa.

Da rani ɓarayin suka dawo. Wannan karon rugga ta faɗi inda suka bi, banga ta tare gaba. Aka yi ba-ta-kashi a wani kwazazzabo, aka kashe uku daga cikinsu, shanu suka dawo ba ko ɗaya da ya ɓace. Sai dai wani ɓarawo ya tsere da oba-obar wani ɗan banga da ya sare. Daga ranar duk abin da gari da rugga suka faɗa wa juna yana kunnen ɓarayin. A nan suka ji sunan Shitu, suka kuma ji cewa duk Juma'a da safe yakan hau dutse ya goge farantin sola.

Wata Juma'a da ya hau, su huɗu ya tarar a zaune suna jiransa. Ba su taɓa akwatin ba. Babbansu, wani dogo mai tabo a leɓe, ya sa masa bakin bindiga a kunne ya miƙa masa oba-obar da suka ƙwace. Ya ce ya kira 'yan banga ya shaida musu cewa Fulanin Arɗo sun far wa manoma a bakin rafi, su fito da shiri. In ya faɗa zai sauka da ƙafarsa.

Shitu ya karɓa, fitsari ya jiƙa masa wando. Ya danna maɓalli.

"Shitu ne. Ɓarayi huɗu a kan dutse, gari da rugga duk ku ji."

Ba su harbe shi ba, mai tabon ya ce harsashi ya fi shi tsada. Suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan murfin akwatin, aka sare shi sau uku kafin ya rabu daga wuyan hannu. Suka farfashe akwatin da duwatsu, suka gangara ta bayan dutsen.

Mas'ud ne ya fara isowa, don yana kiwo kusa. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure dungun da ƙarfi, ya goya shi ya sauko da shi har inda babur zai iya zuwa. A asibiti a Tudun Wada Shitu ya yi wata ɗaya da kwana shida.

Yanzu Zuwaira ce ke riƙe ƙarfen narkar da dalma, shi yana gefe yana nuna mata waya da hagu, suna ta gardama a kan wace ce ja wace ce ruwan ƙasa. Ta fi shi tsabtar aiki, ya kuwa sani. Akwatin da ke aiki yanzu shi ne na uku, mutum huɗu kacal suka san inda yake, kuma duk mako ake sauya tasha, a sanar baki da baki. Ƙauyuka biyu daga wajen Burumburum sun zo an haɗa musu irinsa. Mai tabon nan an ce an kashe shi a wani dajin, an kuma ce yana nan da rai. Mas'ud kuwa bai taɓa taka rumfar Shitu ba. In oba-obarsa ta lalace, matarsa yake ba wa ta kawo ranar da ta shigo gari tallan nono.