Yaya Sale da Bencin Birchi

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale kafinta, kuma har gobe in wani ya ce zamanin da ya fi daɗi, tsaki nake yi. Wahala muka sha. Babu inji, daga zarto sai ƙarfin kafaɗa, katako kuwa ka gaji da jiran mota kafin ya iso Dutsin-Ma.

Lokacin da gwamnati ta buɗe firamare a kowane ƙauye, aka ba Yaya aikin benci na makarantun wajen Kurfi. Mu huɗu ne a shagonshi na bakin kasuwa, tef ɗin awo kuma ɗaya tak, yana aljihunshi. Mu sauran da taƙi muke awo, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, yadda muka gada. Yaya ya ce ƙafar benci taƙi biyu, kowa ya yanka ya jefa a tsibi ɗaya. Ba wanda ya tuna cewa Bulus, wani Kirista mutumin kudancin Zariya da ke aiki da mu, hannunshi kamar faifai yake, nawa kuwa guntu. Ko yatsun mutum ɗaya ba su zo daidai ba, balle hannun mutum uku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka kai kashin farko wata makaranta wajen Birchi, jami'in ilimi ya zauna kan ɗaya, benci ya kama rawa da shi. Ya ce, "Malam Sale, benci na ce, ba jaki ba. Ku kwashe. In an dawo hutun salla ba su gyaru ba, wani zan ba daga Katsina." Aikin ba shi kaɗai zai tafi ba, har da sunan Yaya a garin.

Yaya bai yi wa kowa faɗa ba. Ragowar kwanon rufi ya samo, ya auna da tef, ya yanka siffar kowane sashe: ƙafa, mazauni, tokara, ya huda inda ƙusa za ta shiga. Ya rataye su a bango bi da bi yadda aiki zai tafi. Bulus ya zana ya yanka, ni in goge, Ɗanjuma, ɗayan abokin aikinmu, ya haɗa, Yaya ya duba, katako ba ya tsallake kowa. Kuma kashi biyu ya yi. Na farko ya kira su uwaye, ya kulle a akwati. Na bango su ne ɗiya. In ɗiya ta lanƙwashe, daga uwa za a fitar da sabuwa, ba daga 'yar'uwarta ba, don kowane zane yana ƙara kaurin fensir, kafin ka farga jika bai yi kama da kaka ba.

Bulus ya ce, "Oga, hannuna ya tashi aiki ke nan?" Yaya ya ce, "Yana nan da amfaninshi, a kwanon tuwo."

Kafin salla muka gama. Jami'in nan ya zauna, ya tashi, ya hau da takalmi ya yi tsalle, benci ko gezau. Ya sa aka jera su, ya ɗora dogon katako a kai, ko'ina ya kwanta. Bai sauka daga kan maganar ba sai da ya ƙara mana aikin makarantar Ɗantutture. A bayan mota muka dawo muna ihu kamar masu ɗauko amarya.

Kwanan baya ɗiyar Yaya, Hadiza, da ke aiki a wani kamfanin taki, ta nuna mini aikinta a kwamfuta. Sau ɗaya take shirya tsarin a manhaja: oda ta shigo, ta je wajen mai sito, oga ya sa hannu, sannan direba. Kowace sabuwar oda sai ta ɗauki kwafin tsarin ta bi, na asalin kuwa ita kaɗai ke iya taɓawa. Ta ce, "Baba, wani ya taɓa kwafa daga kwafi, aka yi ta fitar da kaya ba hannun oga." Na yi dariya har da hawaye. Da Yaya na nan, zai yi mitar cewa wannan aiki ba gumi a ciki, sannan ya tambaye ta ina take ɓoye makullin akwatin.

Yaya bai bar bene ba, bai bar mota ba. Bencin ma yawancinsu sun zama itacen girki. Amma duk kafintan da ya fito daga hannunshi, daga nan har Kurfi, ka shiga shagonshi za ka ga kwano a bango, kuma ga ɗiyarshi tana yin abin a ofis mai sanyi. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka ci nasara.

Washegarin ranar da na ga aikin Hadiza na sammaka shago. Akwai ƙaramin teburin karatu da ɗaliban jami'a ke damuna da shi, na daɗe ina yi da ido. Na jawo kwano da almakashi, na fara da ƙafa.