Esin Ɗakin 'Yar Direba

Maƙwabcina tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi tun gwiwa ta fara yi masa gardama. Shi dai fanka mai kukan akuya ce abokiyar kwanansa, amma a ɗakin 'yarsa da aure ya kai nesa akwai esi mai sanyaya ɗaki, lulluɓe da zani kamar amarya.

Kowace shekara, da zafi ya kunno kai, zai yaye zanin, ya ciro ragar da ke tace ƙura, ya goge ta da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a inuwa. Bututun da ruwa ke ɗiga kuwa da baki yake hura shi, kumatu kamar za su fashe.

Bana na leƙa na ce, "Tsoho, ka yi a hankali kar ranka ya bi ta bututun nan."

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutu. Jikokina ba su saba da zafi ba."

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, 'yar ce, wai bana ba za su samu zuwa ba. Na ji yana ta "Ba komai, uwata, aiki ai ya fi gaba." Bara ma haka aka yi.

Sai na ɗauko zanin zan taya shi rufe esin. Ya riƙe gefensa.

"Bar shi a buɗe," in ji shi. "Zafin bai ma kankama ba, tana iya sake shawara."